Batir na Biyu da Wutar Ajiya a Motar Shiga Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu Land Cruiser, Hilux, Patrol da Pajero a Aboabo, Asawase da Sabon Zangon Kumasi, har da 'yan'uwa na Nima da Mamobi: masu bin kasuwannin shanu a Arewa, masu kai baƙi gandun dajin Mole, masu shiga ƙauyuka wa'azi, da masu son kwanan daji don hutu. Amsoshin na mota mai bolt 12 ne. Inda muka ce "kan ja" muna nufin kan batir mai alamar +, "kan baƙi" kuma mai alamar −.

1. Me ya sa batirin da ke cikin mota ba zai riƙe firji da fanka ba?

Saboda ba don wannan aikin aka ƙera shi ba. Batirin tada inji yana da faranta sirara masu yawa, don ya saki amp ɗari uku ko fiye cikin daƙiƙa kaɗan, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar nan take. Idan aka riƙa tsotsarsa a hankali har tsawon dare, farantan suna zubewa, wani farin gishiri ya kama su ya ƙi narkewa. In aka yi masa haka sau ashirin ko talatin, ya gama aiki, ko da sabo ne. Ga kuma matsalar asuba: ka murɗa makulli a wani daji tsakanin Damongo da Sawla, ka ji ƙas-ƙas kawai.

Shi ya sa ake raba aiki. Batirin gaba na inji ne shi kaɗai. Batir na biyu, wanda aka ƙera don jan wuta a hankali, shi ke riƙe kayan zango. A tsakaninsu sai a sa na'urar da za ta haɗa su in inji na aiki, ta raba su in an kashe (duba tambaya ta 7). Wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal suna zuwa da batir biyu tun daga kamfani, amma duka biyun na tada inji ne. Kada a ɗauki ɗayansu a matsayin na ajiya.

2. Yaya zan san girman batirin da nake buƙata?

Da biro da takarda, kafin ka taka Suame Magazine ko Abossey Okai. Kowane kaya ka ninka amp ɗin da yake ja da awannin da yake aiki a rana, sakamakon shi ne Ah, ma'aunin da ake rubutawa a jikin batir. In wat aka rubuta a jikin kayan, raba da 12 ka samu amp.

Ga misalin mutum huɗu a zafin watan Maris a Arewa. Firji mai kwamfireso na lita 45 yana jan kusan amp 4 in ya tashi, kuma a irin wannan zafin yakan yi aikin kusan awa 12 cikin 24, wato Ah 48. Fanka biyu, kowace amp 1, awa 8 na dare, Ah 16. Fitilun LED biyu masu wat 5, awa 5, Ah 4. Cajin salula huɗu, Ah 8. Kwamfutar tafi-da-gidanka sau ɗaya, Ah 6. Jimilla Ah 82. Firji kaɗai ya cinye fiye da rabi, don haka duk wata dabara ta rage cin wuta daga kansa take farawa: inuwa, rigar rufe shi, barin fili a wajen da yake shan iska, da cika shi da kayan da suka riga suka yi sanyi daga gida.

Wannan adadi shi za ka riƙe a duk sauran amsoshin. In kana tuƙi kowace rana, batirin da zai ba da abin kwana ɗaya ya wadatar. In kana kafa zango kwana biyu ba motsi, sai ka ninka, ko ka ƙara sola (tambaya ta 11).

3. AGM zan saya ko litiyam?

AGM batirin dalma ne rufaffe, ruwansa a tsotse yake cikin wani ƙyalle na gilashi, don haka ba ya zuba. Mai Ah 100 yana kai kilo 28 zuwa 32, kuma rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe. Ke nan Ah 50, wanda bai kai lissafin tambaya ta 2 ba. Yakan ba da zagayen caji ɗari huɗu zuwa ɗari shida. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: kashi 20 na ƙarshe na cajinsa yana ɗaukar awanni, kuma in ba a cika shi ba a kai a kai, gishirin nan zai kama shi.

Litiyam ɗin da ake magana shi ne wanda aka rubuta wa LiFePO4. Mai Ah 100 kilo 10 zuwa 13 ne, ana cin Ah 85 zuwa 90 daga cikinsa ba tare da ya ji ciwo ba, yana karɓar caji da sauri, ba ya damuwa in bai cika ba, kuma zagayensa dubu biyu ne zuwa sama. A cikinsa akwai allon tsaro, BMS, mai yanke wuta in ya yi ƙasa da yawa, ko ya yi zafi, ko an ja fiye da ƙarfinsa.

A ganinmu, mai shiga daji kusan kowane wata ya ɗauki litiyam, don ɗaya na Ah 100 ya kusa yin aikin AGM biyu, ga ragin nauyin kusan kilo 50 daga bayan mota. Mai fita sau biyu ko uku a shekara, AGM ya ishe shi. Amma kowanne ka zaɓa, kada kuɗin batir ya cinye na caja, waya da fis. Matsakaicin batir da wayarin mai kyau ya fi, nesa ba kusa ba, batir mai tsada da aka jona da siririyar waya.

4. A kasuwa da "filet" ake faɗin girman batir. Filet 17 ko 19 ba zai yi ba?

Ƙidayar filet, 13, 15, 17, ta batirin tada inji ce. Tana nuna yawan farantan da ke kowane ɗaki na batirin, kuma yawansu ƙarfin bugun kik yake ƙarawa, ba juriyar tsotso ba. Don batirin gaba, ka duba adadin CCA, wato ma'aunin ƙarfinsa na tada inji, da girman mazauninsa da ɓangaren da kan ja yake. Don na zango, Ah za ka nema, da shaidar cewa na jan wuta a hankali ne.

5. Ina da babban batirin infata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai Ah 200. Ba sai in ɗora shi a baya ba?

Ba mu ba da wannan shawara ba. Irin dogayen nan masu ruwa suna kai kilo 60, an yi su ne don su zauna wuri guda. A hanyar marmara mai gargada ruwan batirin zai fantsalo ta murafu ya ci kafet da ƙarfen mota. Lokacin caji kuma suna fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ke tayar da ita a cikin rufaffiyar mota. Haka nan kada a haɗa tsohon batir da sabo, ko dalma da litiyam, kai da kai: mai rauni zai riƙa jan mai ƙarfi ƙasa.

6. A ina ya kamata a ajiye batir na biyu?

Littattafan da ke zuwa da batura sun fi yin gargaɗi kan sanyi, cewa kada a yi cajin litiyam ƙasa da digiri sifili. Wannan ba damuwar Gana ba ce. Abokan gābarmu biyu ne, zafi da girgiza. Ƙarƙashin bonet yakan wuce digiri 70 a cunkoson Kejetia ko hawan tudu da giyar ƙarfi. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, yawancin na litiyam kuma ba a son a yi musu caji sama da digiri 45 zuwa 50. Saboda haka litiyam ba ya shiga bonet sai wanda kamfaninsa ya rubuta ƙarara cewa an yi shi don nan.

Wuri mafi kyau shi ne cikin mota, ƙasa-ƙasa, bayan kujerar baya ko cikin akwati a but, inda rana ba ta dukansa ta gilashi. A Hilux ko Navara, cikin akwati mai murfi a gaban bodi, ba daf da ƙofar baya ba inda tsalle ya fi yawa da ƙura. A ɗaure shi da madaurin ƙarfe ko ɗamara mai ƙarfi da aka kafe da noti a jikin mota, da babban wasa a ƙasa, a shimfiɗa masa roba. Igiyar roba ba ɗauri ba ce. Batir mai kilo 30 da ya ɓalle lokacin birki na gaggawa yana iya kashe mutum. In kana tsallake rafuka da damina, ka ɗaga caja da akwatin fis sama da tsayin kujera.

7. Rile mai raba batir ya isa, ko sai caja DC-DC?

Rilen yana sauraron bolt ne kawai. In ya ga batirin gaba ya kai kusan 13.3, ya san inji na aiki, sai ya haɗa batiran. In ya sauka kusan 12.8, ya raba su. Yana da araha, ba ya cika lalacewa, kuma yana aiki a tsohuwar mota mai altaneta ta gargajiya da batirin dalma wanda ke kusa. Raunin sa shi ne ba ya ƙara komai: in waya mai tsawon mita 6 ta cinye rabin bolt, batirin baya ba zai taɓa cika ba.

Caja DC-DC tana karɓar duk abin da ya iso, ko bolt 12.5 ne, ta ɗaga shi zuwa abin da batirin ke so (14.2 zuwa 14.6 ga litiyam, 14.4 zuwa 14.7 ga yawancin AGM), ta kuma ƙayyade amp ɗin da za a ja. Dole ce a hali uku: in batirin litiyam ne, in yana can baya nesa da inji, ko in motar tana da altaneta mai rage wuta da kanta. Irin wannan altanetar ta yi yawa a sababbin motocin da ake saukewa a Tema daga Turai da Amurka. Gwajinta mai sauƙi ne: jona mita a batirin gaba, ka yi tuƙin minti 20. In bolt ya tsaya tsakanin 13.8 da 14.4, ta gargajiya ce. In yana sauka 12.5 yana hawa kusan 15, ta zamani ce, kuma rile zai yi ta haɗawa yana yankewa.

A irin wannan motar ana jawo wa cajar siririyar waya daga makulli don ta san inji na aiki. Haka kuma za ka ga ƙaramar na'ura a kan baƙi na batirin gaba. Kada mai wayarin ya ɗaura wayar dawowa a kan batirin kai tsaye, ya ɗaura ta a jikin mota, in ba haka ba kwamfutar motar ba za ta ga abin da ake ja ba.

8. Caja mai amp nawa altanetata za ta iya ɗauka?

Duba lambar da ke jikin altanetar. Tsofaffin motocin dizal da yawa amp 70 zuwa 80 suke da shi, sababbi 100 zuwa 150. Fitilu, na'urar sanyaya mota da fankokinta suna iya cin 30 zuwa 45 tun kafin ka ƙara komai, kuma in inji na silo altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, fankarta ma ba ta juyawa da sauri ta huce. Caja mai fitar da amp 30 kuma tana jan 35 zuwa 40 daga gaba. Kada cajar ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin altaneta: amp 20 zuwa 25 ga mai 80, amp 40 ga mai 130.

Wannan ba ƙaramin caji ba ne. Daga Kumasi zuwa Tamale ta Techiman da Kintampo tafiyar awa 6 zuwa 7 ce, caja mai amp 25 za ta iya zuba Ah 150 zuwa 175. Abin da ke ƙona altaneta shi ne jona litiyam kai tsaye ko ta rile, domin in ya yi ƙasa yana zuƙar duk abin da ta iya bayarwa ba ji ba gani, musamman in an bar mota a tsaye tana silo "don batir ya cika".

9. Wane kaurin waya ya dace?

Nan ne yawancin aiki ke lalacewa. A bolt 12, asarar bolt ɗaya babbar asara ce. Ana auna tsawon zuwa da dawowa ne: batir mai nisan mita 6 daga inji, wayarsa mita 12 ce. In amp 35 ke bi ta jan ƙarfe zalla, waya mai kaurin murabba'in milimita (mm²) 6 tana zubar da kusan bolt 1.2, mai 10 tana zubar da 0.7, mai 16 ƙasa da rabin bolt, mai 25 kusan 0.3. Don haka 16 shi ne mafi ƙanƙanta ga caja mai amp 30 a bayan mota. Kaurin da ake nufi na ƙarfen ciki ne, ba na robar waje ba, don akwai wayoyi masu ƙiba a ido, ciki kuwa zare kaɗan.

Akwai kuma wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ta cika shagunan kayan sauti na mota. Tana ɗaukar kusan kashi 60 ne cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, tana karyewa da girgiza, tana rubewa a mahaɗa. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: in cikinsa fari ne, ajiye masa. Wayar wutar gida mai sanda ɗaya ma ba ta mota ba ce, za ta karye.

Bakin waya a sa masa kan jan ƙarfe a matse da abin matsewa na gaske, ba da guduma ko filaya ba, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa robar huji, a bi da ita cikin bututun roba nesa da salansa, a ɗaure duk bayan taku ɗaya. A Hilux da makamantanta bodi yana zaune ne a kan roba, don haka a ja wayar dawowa ta musamman maimakon dogaro da shi.

10. Fis fa? Masta ya ce ba sai an sa ba.

A nan kam, da girmamawa, kada ka yarda. Fis waya yake karewa daga kama wuta. Wayar da ke tsakanin batir biyu tana da wuta ta kowane ɓangare, saboda haka fis biyu take buƙata, ɗaya a kusa da kowane kan ja, cikin santimita 20. In robar waya ta goge a jikin shasi ba fis, ɗaruruwan amp za su bi ta, ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi, ƙarƙashin kafet ko kusa da bututun mai.

Ga caja mai amp 30 a kan waya mai 16, yawanci fis na amp 50 ko 60 ne a gaba, 40 ko 50 a baya, amma abin da littafin cajar ya ce shi za a bi. A yi amfani da irin waɗanda ake ɗaurewa da noti, kamar MIDI ko MEGA. Na gilashi masu zagaye suna saki da girgiza, su yi zafi su narka mazauninsu. Daga batir na biyu a kai waya ɗaya zuwa ƙaramin akwatin fis, kowane kaya da nasa: 15 ga firji, 5 ga fitilu. Ka riƙe na canji a mota. Fis da ya ƙone ana neman dalili ne, ba a naɗa masa zaren waya.

11. Faifan sola mai wat nawa zai riƙe ni?

Arewacin Gana yana samun kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana, Kumasi da Accra ƙasa da haka, musamman a gajimaren Yuni zuwa Agusta. Amma faifai ba ya ba da abin da aka rubuta masa, don an auna shi ne a digiri 25, kuma yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a duk digiri ɗaya sama da haka. A rufin mota yakan kai 60 zuwa 65. Ka ɗauki kashi 70 cikin ɗari: wat 200 sau awa 5 sau 0.7 ya ba da wat-awa 700, kusan Ah 55. Ke nan ya riƙe firjin tambaya ta 2 da ɗan ragi. Mai son rufe duka Ah 82 sai wat 300.

Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, daga digiri 5 a gaɓar teku zuwa 11 a Paga, don haka faifan da ke kwance a rufi bai yi asara sosai ba. Matsalarsa ita ce yana tilasta maka ajiye mota a rana, firji kuma ya ƙara ci. Mai naɗewa da waya mita 8 zuwa 10 yana ba ka damar fakewa ƙarƙashin kaɗanya ko ɗorawa, faifan na can fili. Da hunturu ƙura tana rufe shi cikin yini ɗaya, a goge da tsumma mai laima safe da rana. Inuwar reshe ɗaya ko ta jarka a kan kusurwa tana iya kashe fiye da rabin wutarsa.

Tsakanin faifai da batir dole a sa na'urar daidaita caji. Iri biyu ce, MPPT da PWM. MPPT ta fi PWM tatso wuta da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, kuma caja DC-DC da yawa suna zuwa da ita a ciki. Batir ake fara jona mata, sannan faifai.

12. Batir a cike yake, amma firji na mutuwa tsakar dare. Me ke faruwa?

Galibi laifin soket ɗin kunna sigari ne da siririyar wayarsa. Firji yana da tsaron da ke kashe shi in bolt ya sauka. Lokacin da kwamfireso ke tashi, waya mara kauri tana zubar da bolt, firjin ya ɗauka batir ya ƙare. Ka auna bolt a bakin firjin daidai lokacin da yake tashi, ka kwatanta da na kan batir. Bambancin da ya wuce rabin bolt na waya ne ko mahaɗa. A ja masa waya mai murabba'in milimita 4 zuwa 6 da filogi mai kullewa ko irin na Anderson. In yana kan batir na biyu, a sauke matakin tsaron nasa zuwa na ƙasa.

Ka tabbata ma firji ne na gaske. Akwatunan sanyi marasa kwamfireso suna jan amp 4 zuwa 5 ba tsayawa, kusan Ah 100 zuwa 120 a rana, kuma digiri 15 zuwa 20 kawai suke saukewa ƙasa da zafin waje. A ranar da Navrongo ta kai 40, wannan ba zai riƙe insulin ko allurar rigakafin dabbobi ba, waɗanda ke buƙatar digiri 2 zuwa 8.

13. Zan iya dafa shayi da butar lantarki ta infata?

Buta mai wat 1,500 tana jan kusan amp 140 daga batir. BMS na yawancin litiyam mai Ah 100 yana yankewa a amp 100. Ko batirin ya iya, sai waya mai murabba'in milimita 35 zuwa 50, gajeriya, da fis nata. Ƙaramin tulun gas ya fi sauƙi ga shayi da girki. Infata mai wat 300 zuwa 600, irin mai fitar da wuta sumul kamar ta gida, ta isa kwamfuta, cajin kyamara da lasifikar wa'azi. A kashe ta in ba ta aiki, don a zaune ma tana cin rabin amp zuwa ɗaya, Ah 12 zuwa 24 a rana a banza. Salula kuwa a caje ta daga soket na USB kai tsaye.

14. Akwatin wuta na ɗauka, irin su EcoFlow ko Bluetti, bai fi duk wannan wahalar ba?

Ga wanda ba ya son a huda motarsa, ko mai canza mota, yana da kyau, ga shi yana shiga ɗaki ranar da dumso ya zo. Mai wat-awa 1,000 daidai yake da kusan Ah 80. Rauninsa caji ne a hanya: soket ɗin sigari wat 100 zuwa 120 kawai yake bayarwa, sai awa 9 zuwa 10 kafin ya cika, in firji na jone ma ya fi haka. In wani ɓangare ya lalace kuma, duka akwatin ya tsaya, alhali tsarin da aka harhaɗa ɗaya bayan ɗaya mai wayarin a Wa ko Bolgatanga zai iya kewaye abin da ya mutu. Mai saye ya nemi wanda aka rubuta wa LiFePO4. Janareta kuma, in har za a ɗauka, a ajiye shi nesa da tanti da tagogin mota, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci.

15. Winci da famfon taya a wane batir za a jona su? In na gaba ya mutu fa?

Winci, wato injin da ke jawo mota da igiya in ta kafe, yana jan amp 300 zuwa 450 in ya ɗauki nauyi. Batirin gaba ne nasa, inji na aiki. Babban famfon taya ma haka. Litiyam na zango ba zai tada inji ba, BMS zai yanke. Abin da za a iya shi ne a haɗa su da wayar jona batir na minti 10 zuwa 15 ba tare da murɗa makulli ba, a cire, sannan a gwada. Mafi sauƙi shi ne riƙe ƙaramin batirin tada mota na aljihu wanda aka rubuta cewa yana ɗaukar injin dizal mai girman naka, a caje shi duk wata uku, kada a bar shi yana gasuwa a gaban gilashi.

16. Yaya zan gane abin da ya rage a batir?

Ga dalma, mita ta isa in batirin ya huta awa ɗaya ko biyu ba caji ba kaya: 12.7 zuwa 12.8 cike, 12.2 kusan rabi, nan za ka tsaya. Litiyam kuwa yana zama wajen 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tsawon tafiyarsa, sai daf da ƙarshe ya faɗi gaba ɗaya. Ana sa masa ma'aunin da ke ƙirga amp mai shiga da mai fita, a ɗaura shi a kan baƙi, kuma duk wayoyin dawowa su bi ta cikinsa. Waya ɗaya da ta kewaye shi ta ɓata lissafin. In BMS ya yanke har mita ta nuna sifili, yawanci batirin bai mutu ba, cajar litiyam ce za ta tashe shi.

17. Yaya zan kauce wa jabu da na gwanjo da ya gaji?

Fara da sikeli. AGM mai Ah 100 da bai kai kilo 25 ba, ko litiyam mai kilo 6, da sake. Duba ranar ƙira, don dalmar da ta yi wata shida a shago ba caji ta riga ta fara lalacewa. LiFePO4 na gaske ana rubuta masa bolt 12.8. In ka ga 11.1 ko 14.8, wani irin litiyam ne, sau da yawa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta da aka harhaɗa, ba su dace da cajin mota ba kuma sun fi saurin kama wuta.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na lokaci. Cika batirin, jona masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amp 4.5. Litiyam mai Ah 100 ya kamata ya riƙe shi awa 20 zuwa 22. AGM kuma bayan awa 11, in ya huta, ya nuna kusan 12.2. Ka yi wannan a makon farko, rasit da takardar garanti na hannunka.

18. Motar takan yi wata biyu a ajiye. Me zan yi wa batiran?

Dalma a cike ake ajiye shi, a ƙara masa caji duk wata. Litiyam ya fi son zama a kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, a wuri mai inuwa, an kashe babban makunninsa. In batirin gaba na mutuwa cikin mako guda, a auna abin da motar ke ja tana kashe: fiye da miliamp 50 alama ce ta wani abu da bai yi barci ba, sau da yawa na'urar bin sawun mota ko rediyon da aka jona ba ta makulli ba. Wajen cire batir, kan baƙi ake fara kwancewa, shi ake ɗaurawa a ƙarshe.

In za a ci moriyar batirin zango a gida ranar da ECG ta ɗauke wuta, a jona fanka da talabijin a jikin infata kai tsaye, kada a cusa wutarta cikin soket ɗin bango, don tana iya bin layi ta kama ma'aikacin da ke kan turke. Kafin kowace doguwar tafiya kuma, a bi kowane noti na kan batir da na fis da sifana, a taɓa mahaɗan bayan awa ɗaya ana caji. Wadda ta yi zafi a hannu ta saki ko ta yi tsatsa, a kwance ta a kankare a sake ɗaurewa tun ana gida.